Kafin ka sayi na'urar saita ɗumin gida a Ingila, ka fara ganin gidan

Ƙanena, salamu alaikum. Na yi murna da jin cewa biza ta fito, kai da mai ɗakinka da yaron za ku sauka a watan Satumba don karatun digirin digirgir. Allah ya sa a fara a sa'a. Ka ce ka ga tallan na'urar nan da ake haɗawa da intanet, wadda mutum ke kunna ɗumin gida ya kashe daga wayarsa, kana tambayar wacce ce mai sauƙin kuɗi don ka saya tun da wuri, tunda ka ji ana kukan tsadar gas a nan.

Kukan gaskiya ne, tun 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga farashi ba a koma yadda ake da ba. Amma kada ka sayi komai tukuna. Gidan da ka kama shi zai faɗa maka ko kana buƙatar na'urar, da kuma irin wadda za ta yi aiki a cikinsa.

Mafi yawan gidajen Ingila boila ce mai amfani da gas ke ɗumama su. Tana dafa ruwa, ta tura shi ta bututu zuwa hitocin ƙarfe da ke manne a bangon kowane ɗaki. Ita na'urar da kake magana ba ta samar da zafi ko kaɗan. Aikinta ta auna sanyin ɗaki, ta ce wa boila tashi ko kwanta. Mai intanet ɗin ma aikin ke nan, sai dai tana ba ka damar tsara lokuta daga waya. To idan gidan jami'a aka ba ku, galibi kuɗin ɗumi yana cikin kuɗin haya, kuma ba za a bari ka taɓa wayoyin ba. Idan kuwa fulat ne mai hitar lantarki, irin wadda ke tara zafi da dare ta sake shi da rana, waɗannan na'urori ba su da abin da za su yi a ciki. Ka kiyayi irin wannan gida in da hali, domin kowane awon lantarki a nan ya kai kusan ninki huɗu na kuɗin gas.

Saboda haka tambayarka ta farko ga dillalin gida ita ce: gas ne ko lantarki? Ta biyu, takardar EPC, wadda ke nuna yadda gida ke riƙe zafi, daga A zuwa G. Doka ta hana ba da hayar gidan da ya gaza E sai da wani uzuri na musamman, amma E ɗin ma kuɗi yake sha. Ka nemi C, ko aƙalla D. Kana iya duba wannan kyauta a shafin gwamnati da lambar unguwar gidan, wato postcode, tun kana Kano. Tsohon gidan bulo mai tagogin da iska ke shiga, ko wace na'ura ka ɗaura masa, titi kake ɗumamawa.

A ce kun sami gida mai boilar gas, kuma ku ne ke biyan bil. Sai ka duba bango, sau da yawa za ka tarar akwai na'urar da ake saita mata lokuta, tana nan ba wanda ya kula ya koyi aikinta. Idan akwai, ka nemi littafinta a intanet ka zauna da shi yamma ɗaya, wataƙila ka huta da kashe kuɗi gaba ɗaya. Idan kuma tsohuwar mai murɗawa ce kawai, a nan ne sabuwa ke da amfani. Sai ka nemi izinin mai gida a rubuce, domin akwai ƙaramin akwati da ake jona wa boila da waya, kuma in ka yi gaban kanka ana iya cire maka daga kuɗin ajiyarka ran tashi. Kada ka buɗe boila da kanka, aikin masu rajistar Gas Safe ne, wato ma'aikatan da doka ta amince su taɓa kayan gas. Wasu masu gidan ma in ka yi magana da kyau sukan biya rabi, tunda abin a gidansu zai zauna.

Sunayen da za ka fi ji su ne Hive ta kamfanin British Gas, da tado° ta Jamus, da Drayton Wiser. Yawanci farashinsu na tsakanin fam 80 da 200, ban da ladan mai ɗaurawa. Za ka ga Nest ta Google da araha a hannun masu sayar da kwance a Facebook da eBay, kada arhar ta ruɗe ka. A 2025 Google ta sanar da cewa ba za ta ƙara fito da sababbi a Turai ba, kuma daga watan Oktoba na shekarar ta yanke tsofaffin samfuran farko daga manhajarta. Wanda ya sayi irin waɗannan ya biya kuɗin mai intanet ya sami marar intanet.

Abin da na fi dubawa shi ne kuɗin wata-wata. tado° na'ura ce mai kyau, amma idan kana so ta riƙa kashe ɗumi da kanta in kun fita, sai ka biya wani kuɗi a kai a kai. Wiser ba ta neman wannan, shi ya sa na fi karkata gare ta ga ɗalibi. Ka kuma tabbatar akwai maɓallin da za ka danna da hannu ran da intanet ta ɗauke, sannan ka duba ko boilarku mai tankin ruwan zafi ce ko kombi ce marar tanki, domin kowace da samfurinta. In za ka iya haƙuri zuwa ƙarshen Nuwamba, lokacin rangwamen Black Friday, farashin yakan faɗi sosai, kuma kafin nan ka san halin gidanka. Akwai ƙananan kawuna masu batir da ake sa wa kowace hita don a saita ɗaki-ɗaki, amma kowanne kuɗi ne mai kauri, ka bar su sai gaba.

Gaskiyar da masu talla ba sa faɗa: ribar na'urar ta fi yawa ga gidan da kowa ke fita da safe. Kai kuwa mai ɗakinka da yaro suna gida yawancin yini, don haka abin da zai rage maka kuɗi shi ne lambar da ka saita. Hukumomin lafiya a nan suna cewa kada ɗaki ya gaza digiri 18, kuma daga 18 zuwa 21 ya wadatar. Mutanenmu in sun zo sabo-sabo sukan kai ta 25 su zauna da singileti, sai bil ɗin Janairu ya zo a yi ta salati. Kuma murɗa ta zuwa 30 ba ya sa gida ya yi saurin ɗumi, boilar dai ta daɗe tana ci ne kawai. Ku sa rigar sanyi da safa a cikin gida, kowa haka yake yi. Ni na saita tamu ta tashi rabin awa kafin asuba, don a yi alwala ba ana karkarwa ba, ta sauka bayan yara sun tafi makaranta, ta dawo da la'asar, tunda a Disamba ƙarfe huɗu duhu ya yi. Da azumi sai in matsar da ita zuwa lokacin sahur, kuma a nan kam wayar ta yi rana, kana kwance za ka gyara. Ɗakin da ba a kwana, ka murɗa kan hitarsa zuwa 1 ko 2, ka ja ƙofa. Idan boilar kombi ce, rage zafin ruwan hitoci zuwa wajen digiri 60 yana rage cin gas ba tare da an ji bambanci sosai ba.

Sai dai kada tsoron bil ya sa ku kashe ɗumi ɗungurungum. Gida mai sanyi, ga tururin tuwo da miya, ga wanki an shanya a ɗaki, nan da nan baƙar fumfuna za ta kama bango da bayan kabad, kuma tana illa ga ƙirjin yara. A 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, ya rasu a garin Rochdale da ke nan Ingila saboda wannan fumfuna, har aka yi doka da sunansa. Ku riƙa buɗe taga na ɗan lokaci kowace safiya da kuma in ana girki. Kaskon gawayi kuwa, da muka saba jin ɗumi da shi da hunturu, kada ya shiga ɗaki ko da wasa. Gidajen nan a toshe suke ruf, iskar gubar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Mai gida wajibi ne ya sa ƙararrawar wannan iska a inda boila take, ya kuma ba ka takardar binciken gas ta shekara. Ka neme su ranar da aka ba ka makulli.

In kun shiga, ka ɗauko mini hoton gaban boilar inda sunanta yake, da na abin da ke bango, da na mita, sai mu zaɓa tare. Ka gaida Hajiya da mutanen gida.