Filin Likita: Inshora Za Ta Biya Aikin Jijiyoyin Ƙafa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Likita. Ni malamar firamare ce, a tsaye nake wuni. Tun haihuwata ta huɗu jijiyoyi suka fito mini ruɗu-ruɗu a sharaɓa, kafin la'asar ƙafar ta yi nauyi, idon sawu ya kumbura. Ina cikin inshorar NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ta hannun maigidana, ma'aikacin gwamnatin tarayya. Za su biya kuɗin aiki?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya ba ki lafiya. Maganar ta rataya ne a kan abin da likita ya rubuta a fayil ɗinki. Inshora ba ta biyan aikin kwalliya. In an rubuta "jijiyoyi sun fito" kawai, kamfanin HMO, wato mai biyan asibiti a madadin inshorar, zai ɗauka muninsu ne ya dame ki. Amma ciwo, kumburi, fatar idon sawu da ta yi baƙi ta yi tauri, zubar jini, ko gyambon da ya ƙi warkewa, duk shaidar cuta ce. Kada ki yi kara a gaban likita, ki faɗi komai, ki tabbatar an rubuta.

Ki fara da asibitin da aka yi muku rajista. Shi zai rubuta takardar tura ki babban asibiti, ya kuma karɓo lambar amincewa daga HMO. A nan mutane suka fi yin asara: su zarce wurin likitan fiɗa, su biya da aljihunsu, sannan su dawo da rasit suna neman a mayar musu. Da wuya kuɗin nan ya dawo.

Babbar hujjarki ita ce hoton Doppler, wato sikanin da ke nuna yadda jini ke gudu a cikin jijiya, kuma a tsaye ya kamata a yi shi. Jijiyoyin ƙafa suna da ƙananan bawul da ke hana jini gangarowa ƙasa. In hoton ya nuna jini yana komawa baya fiye da rabin daƙiƙa, bawul ɗin sun saki. Ki tambaya ko hoton da aikin kowanne sai da tasa lambar. Manyan hanyoyin aikin su ne: zare jijiyar a tiyata, allurar da ke toshe ta, da ƙona ta daga ciki da lesa. Ta ƙarshen nan tsada gare ta, ba kowane asibiti ke yi ba, don haka ki nemi amsar HMO a rubuce kafin a sa rana. In sun ƙi ba dalili, ofishin NHIA na jiharku yana karɓar ƙorafi.

TAMBAYA: Likita, tela ne ni. An ce in sayi safar matse ƙafa. Wacce zan saya?

AMSA: Malam, ba a sayenta da ka. Ana auna idon sawu da sharaɓa da sassafe kafin ƙafa ta kumbura. Wadda aka fi rubutawa mai matsin 20 zuwa 30 mmHg ce, wato awon ƙarfin matsinta. A sa ta da safe, a cire lokacin barci, a sauya bayan kamar wata 6, don robarta tana saki. Sau da yawa daga aljihu ake sayenta. Mai ciwon suga ko wanda jini ba ya isa ƙafarsa sosai kada ya sa sai an gwada shi.

Tsaga ko ƙaho a kan jijiyar kuwa, kul: jini ne zai ɓalle, gyambo ya biyo baya. In ta fashe, ka kwanta, ka ɗaga ƙafar sama, ka danne wurin da tsumma mai tsabta. In ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da zafi, mai yiwuwa gudan jini ne, ka tafi sashen gaggawa nan take, kada ka tsaya jiran lamba.