Kamfani na cajin ninki uku na albashina, cutata ake yi?

Ɗan'uwa, ka ce kai injiniya ne a wani kamfani a Kakuri, Kaduna, ka ga abin da ake cajin wanda ya ba kamfanin aiki a kan kwanakinka ya ninka albashinka sau uku.

Ba lallai cuta ba ce. Bayan albashi, dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani zuba maka aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashinka a asusun fansho, ga inshorar rai, ga kuma kashi 1 da wata doka ta daban ta ce a biya NSITF, asusun biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki. Sai haya, man janareta, lasisin manhajar zane, da albashin akanta da direba, waɗanda ba a cajin kowa a kansu.

Abin da aka fi mantawa shi ne ba kowace ranarka ake sayarwa ba. Hutu, jinya, makonnin da kuka ɓata kuna shirya takardun kwangilar da ba ta faɗo ba, duk an biya ka. Harajin VAT na kashi 7.5 kuma na gwamnati ne, kada ka lissafa shi cikin riba.

Amma don Allah ka duba asusun fanshonka. In ana cirewa ba a zubawa, nan kam an zalunce ka, ka kai ƙorafi hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ko ka ga lauyan ƙwadago.