Shin Kuɗin Al'umma Zai Amfani Ƙananan Ƙasashen Tsibirai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji ana cewa a wasu ƙananan ƙasashen tsibirai jama'a na ƙirƙiro nasu kuɗin da suke ciniki da shi a tsakaninsu, ban da na gwamnati. Wannan abu mai yiwuwa ne kuwa? Kuma me zai tsinana musu? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mai yiwuwa ne, ana ma yi, sai dai ba kowanne ke kai labari ba.

Fara da sanin halin da suke ciki. Da yawa daga cikin ƙasashen nan ba su da kuɗin kansu. Kiribati da Nauru da Tubalu dalar Ostareliya suke kashewa, Tsibiran Marshal da Palau da Maikuronesiya kuma dalar Amurka. Ɗan abin da ke shigo musu ta yawon buɗe ido, da lasisin kamun kifi, da aiken 'yan ci-rani, ba ya daɗewa yake komawa waje wajen sayen man fetur da shinkafa da magani. A ƙauyukan nesa da babban birni sai ka tarar masunci na da kifi, kafinta na da sana'a a hannu, manomi na da doya, kowa na bukatar abin ɗan'uwansa, amma babu takardar kuɗin da za ta haɗa su. Wannan giɓin ne kuɗin al'umma ke cikewa, kuma a ganina iyakar aikinsa ke nan.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Banuwatu, ƙasa mai tsibirai sama da 80 da ta sami 'yanci a 1980. Tun kaka da kakanni dukiyarsu ita ce jar tabarma da hauren alade wanda ya lanƙwashe ya yi zobe, har ma hoton hauren na jikin tutar ƙasar. A tsibirin Fentikos, wani basarake mai suna Viraleo Boborenvanua da ƙungiyarsa ta Turaga suka kafa bankin gargajiya na Tangbunia. Mutum zai kai tabarma ko haure a rubuta masa a asusu da ma'aunin da suke kira libatu, wanda suka ƙiyasta a kan batu 18,000 na kuɗin gwamnati. Gwamnati ma ta ayyana 2007 a matsayin shekarar tattalin arzikin gargajiya, wasu makarantu kuma suka karɓi kuɗin makaranta da tabarmi da amfanin gona. Nan ne zancen yake. Uwar da ba ta riƙe da ko batu ɗaya amma ta iya saƙa, yanzu ɗanta na aji. Ba wanda ya zauna lallashin mutanen nan su yarda da tabarma, domin da ita suke biyan sadaki, da ita suke sasanta rikici tun kafin zuwan Turawa.

Haka abin yake wurin ƙabilar Tolai ta lardin Gabashin Niyu Biritin a Papuwa Niyu Gini. Kuɗinsu, tabu, ƙananan ƙwanson dodon koɗin teku ne da ake zurawa a tsinken kara, a auna da gaba. Ana aure da shi, ana rabawa a wurin makoki, ana sayen kayan miya a kasuwa, kuma a 2002 aka buɗe wurin canjinsa da kuɗin ƙasar kusa da Rabaul.

Yanzu dubi wanda aka ɗauko daga sama. A 2018 majalisar Tsibiran Marshal ta yi dokar fito da kuɗin intanet mai suna SOV, tare da wani kamfani na waje. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya gargaɗe su cewa suna iya rasa hulɗa da bankin Amurka ɗaya tilo da ke sada su da duniya. Rigimar ta kai ga ƙuri'ar yanke ƙauna ga shugaba Hilda Heine, wadda ta sha da ƙyar, kuɗin kuma bai taɓa shiga hannun mai sayar da kifi ba. Ba bukatar ƙauye aka duba ba, masu zuba jari na waje aka yi wa kwalliya, shi ya sa ban ɗauke shi kuɗin al'umma ba.

Akwai haɗari guda da mu Hausawa muka sani a tarihinmu. Kuɗin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kano da Katsina daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kawo shi. Da 'yan kasuwar Turai suka fara jibgo wani nau'in mai araha daga gaɓar Zanzibar a tsakiyar ƙarni na 19, sai darajarsa ta zube, har ɗaukarsa ya zama jidali. Duk kuɗin da ba a tsare yawansa ba haka zai ƙare. Tabarma da tabu sun daɗe ne saboda samar da su na cin lokaci da gumi.

Kada kuma a yi wa jama'a alkawarin abin da ba zai yiwu ba. Jirgin da ya kawo man janareta dala yake so, mai sayar da maganin ciwon sukari ma haka. Idan shaguna suka tara kuɗin gida ba su da inda za su kashe shi, za su daina karɓa.

Saboda haka da wata al'ummar tsibiri za ta nemi shawarata, sai in ce su fara da tsibiri ɗaya, da kayan da ake nomawa ko kamawa a nan, su sami makaranta ko ƙaramar hukuma da za ta karɓi wani kaso na haraji da shi, littafin asusu kuma ya zama a buɗe ga kowa. Sannan su nemi yardar babban banki a rubuce kafin su buga ko takarda ɗaya. A Kenya, waɗanda suka fito da Bangla-Pesa a wata unguwar talakawa ta Mombasa a 2013 sai da aka kama su bisa zargin buga jabun kuɗi, kafin daga baya a janye tuhumar.