Jaririna jininsa ya yi kauri: asibiti ko ƙahon wanzami?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Maiɗakina mai ciwon suga ce, ta haihu shekaranjiya a asibiti a nan Gusau. Yaron ya yi jawur, ba ya kama mama, sai barci. Likita ya ce jininsa ya yi kauri, za su zuƙi kaɗan ta cibiya su mayar masa da ruwan gishiri. Mahaifiyata ta ce a kawo shi gida wanzami ya yi masa ƙaho, tunda sunna ce. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya raya, Ya ba shi lafiya shi da maijego.

Ɗan'uwa, ka amince wa likitan. Abin da zai yi halal ne, kuma idan ya tabbatar akwai haɗari, amincewar ta zama wajibi a kanka, don kai ne waliyyin yaron.

Ana haihuwar jariri da jajayen ƙwayoyin jini fiye da na babba, saboda iskar da yake samu a ciki ba ta da yawa. Wannan lafiya ce. Amma idan ƙwayoyin suka haura kashi 65 cikin 100 na jinin, sai ya yi kauri, tafiyarsa ta yi nauyi a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanji. Daga nan kasala take zuwa, da ƙin mama, da saukar suga, wani lokaci har jijjiga. An fi ganin haka ga 'ya'yan masu ciwon suga ko hawan jini, da tagwaye. Likita yana auna abin da zai cire ne gwargwadon nauyin yaron, ya mayar da ruwa daidai da shi, jinin ya tsinke ba tare da ya ragu ba.

Ƙaho kuwa cirewa kawai yake yi, babu awo babu mayarwa. Jaririn da ya kai kilo 3, jinin jikinsa kaf wajen mililita 250 ne, rabin ledar ruwan sha ke nan. Ga shi jarirai suna zuwa da ƙarancin bitamin K, jininsu ba ya saurin daskarewa, tsaga ɗaya na iya yin ta tsiyaya har gari ya waye.

Hajiya ta yi gaskiya, ƙaho ya tabbata daga Annabi (SAW). Sai dai a hadisin Anas da Bukhari ya ruwaito, inda ya yabi ƙaho, a nan ne kuma ya hana a azabtar da yara da danne musu maƙogwaro saboda ciwon wuya. Ke nan shari'a ba ta yarda a yi wa yaro maganin da jikinsa ba zai ɗauka ba. Ga ƙa'idar "babu cuta, babu cutarwa", ga kuma hadisin Abu Dawud cewa wanda ya yi magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, alhakin abin da ya faru yana wuyansa. Wanzami ya san aikinsa, amma ba shi da abin auna kaurin jini. Allah Ya ce a tambayi ma'abota sani (Nahli, 43), a nan kuwa likitan yara ne.

Biyayya ga mahaifiya tana cikin abin da yake alheri ne. Kada ka yi mata gatsali, tsoron jikanta ne ya sa ta faɗi haka. Ka ɗauke ta ku je tare, likita ya yi mata bayani da bakinsa. Cire beli da tsaga ma a bar su, kuma ku sa ido a kan ciwon shawara: idan idonsa ko fatarsa ta yi ɗorawa, ku gaya wa ma'aikatan jinya nan take.

Allah ne Mafi sani.