Amsoshin Tambayoyinku: Su Wane ne Kiriyol na Jihar Luwiziyana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya samu gurbin ƙaro karatu a Baton Ruj, babban birnin jihar Luwiziyana ta Amurka, kuma ya ce mini a can akwai mutanen da ake kira Kiriyol, waɗanda kakanninsu ke jin Faransanci. Shin ƙabila ce? Baƙaƙe ne ko farare, kuma nawa ne yawansu? Daga wani mahaifi, Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai yaron lafiya, ya ba shi abin da ya je nema.

Kiriyol ba ƙabila ba ce irin wadda muka sani, kuma ba a gane su da launin fata, domin a cikinsu akwai farare, akwai baƙaƙe, akwai kuma ruwa biyu, waɗanda su aka fi kira da sunan a yau. Tun asali, duk wanda aka haifa a Luwiziyana zamanin mulkin Faransa da Sifaniya, ko iyayensa daga Turai suka zo ko kuwa daga Afirka aka kawo su cikin bauta, Kiriyol ake ce masa, don a bambanta shi da wanda jirgin ruwa ya sauke. Abin da ya haɗa su shi ne mahaifa, da harshe, da ɗarikar Katolika, da irin abincin da suke ci.

Faransawa ne suka fara da'awar mallakar yankin a 1682, suka raɗa masa sunan sarkinsu Luwi na 14, sannan suka kafa birnin Niyu Olins a 1718 kusa da inda kogin Misisifi ke gangarawa teku. Yankin ya koma hannun Sifaniya a 1762, ya dawo wa Faransa a 1800, daga nan shugaban Faransa Nafoliyon ya sayar wa Amurka da shi a 1803 kan dala miliyan 15, haɗe da wata makekiyar ƙasa da ta ninka jihar ta yanzu sau da yawa. A 1812 Luwiziyana ta zama jiha ta 18.

Inda nake so Malam ya dakata ya duba da kyau shi ne rabon Afirka ta Yamma a wannan tarihi, domin sau da yawa idan ana maganar Kiriyol Faransa kaɗai ake ambata. Jiragen bayi na farko sun isa Luwiziyana a 1719, kuma kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda aka kai zamanin Faransawa daga yankin kogin Sanagal da na Gambiya aka kwaso su, cikinsu har da Bambara da Wolof, mutanen da suka san noman shinkafa tun a gida. Daga baya aka riƙa kawo wasu daga Kwango da gaɓar Benin. Wata masaniyar tarihi, Gwendolyn Midlo Hall, ta tattara tsofaffin takardun kotu da na gado da na cinikin bayi na Luwiziyana, inda aka rubuta asalin dubban mutane. A ciki akwai Yarbawa, da Ibo, da Fulani, da kuma fiye da mutum 100 da aka rubuta cewa Hausawa ne. Adadin ba shi da yawa, amma ya isa ya sa Bahaushe ya daina kallon labarin a matsayin na wasu can.

A ƙarƙashin Faransa da Sifaniya jama'a hawa uku ce: farare, da bayi, da kuma 'yantattu masu jinin Afirka, waɗanda da yawansu suka yi ilimi, suka koyi sana'o'i, suka mallaki gidaje da gonaki, wasunsu ma har da bayi. Tsarin Amurka kuwa fari da baƙi kawai ya sani, don haka bayan yaƙin basasar Amurka aka tura waɗannan 'yantattun cikin dokokin wariya. Homer Plessy, wanda aka kama a 1892 saboda ya zauna a taragon farare a jirgin ƙasa, Kiriyol ne na Niyu Olins, kuma a shari'arsa ce Kotun Ƙoli ta halatta wariyar a 1896. Harshen ma bai tsira ba: tsarin mulkin jihar na 1921 ya wajabta koyarwa da Ingilishi, aka riƙa hukunta yara idan sun yi Faransanci a makaranta, har ta kai yau masu jin harshen Kiriyol, wanda ya samo asali daga Faransanci kuma ake kira Kuri-Bini, ba su kai 10,000 ba, kuma akasarinsu tsofaffi ne. Wannan asara ce babba.

Kada a haɗa Kiriyol da Kejin, jikokin Faransawan da Ingila ta kora daga gabashin Kanada tun daga 1755, ko da yake auratayya da maƙwabtaka sun cuɗa su sosai.

Game da yawansu, Kiriyol ba ya cikin rukunonin jinsi da takardar ƙidayar Amurka ke jerowa, saboda haka wasu suna shiga lissafin farare, wasu na baƙaƙe. Ƙidayar 2020 ta nuna jihar na da mutum kusan miliyan 4.66, farare kimanin kashi 57 cikin 100, baƙaƙe kimanin kashi 31. Kudanci ya fi yawan 'yan Katolika, kuma nan ne cibiyar Kiriyol, arewaci kuwa 'yan Baftis suka rinjaya.

Abin da yaron zai fara cin karo da shi, a ganina, a kwano ne. Gumbo miya ce mai kauri da ake zubawa a kan farar shinkafa, sau da yawa da kuɓewa a ciki, jambalaya kuwa 'yar'uwar dafa-duka ce. Sai dai a ja masa kunne ya riƙa tambaya kafin ya sa hannu, domin akan yanka naman alade da aka kyafe a cikinsu, ko da an ce na kaza ne ko na jatan lande.