Na buge dattijo da keke ina saurin sallah, akwai wani abu a kaina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne a Kano, da keke nake zuwa makaranta da wajen koyon ɗinki. Sati biyu da suka wuce na taso daga shago ana kiran magariba ina sauri in samu jam'i, sai na bi wan-we don in na bi hannuna sai na zagayo ta shataletale, kawai wani dattijo ya sauko zai tsallaka yana kallon ɗaya ɓangaren, na sa ƙafa in tsaya don birkina ya daɗe da lalacewa da silifa nake tsayawa, amma ina, na buge shi ya faɗi hannunsa ya karye. A wajen ya ce ya yafe amma yanzu 'ya'yansa sun ce sai na biya kuɗin ɗori da magani. Abokaina sun ce ƙaddara ce, wani mai ɗan karatu kuma ya ce dokar titi dokar Nasara ce ba ta addini ba, kuma ma don mota aka yi ta ba keke ba. Malam ina da zunubi? Kuma dole in biya?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba wa wannan bawan Allah lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri tunda abin ya dame ka har ka tambaya, don da yawa karkaɗe wando za su yi su haye keke su yi gaba.

Ɗana, a duk bayanin naka magana ɗaya ce ta yanke hukuncin, inda ka ce birkin ya daɗe da lalacewa. Da a ce birkinka lafiya lau, kana kan hannunka, kana tafiya daidai sai mutum ya faɗo maka ta yadda ba mai iya kauce masa, da amsar daban ce. Amma kai ka san ba birki kuma kullum kana hawa kana shiga cikin mutane, ka ga sakacin ba ranar nan ya fara ba, tun ranar da ka ji birkin ya saki ka ce gobe zan kai wa mai gyara ya fara. Sannan ka lura dattijon bai yi kuskure ba da ya kalli ɗaya ɓangaren, ai can ne abin hawa yake fitowa, kai ne ka ɓullo masa ta inda bai kamata komai ya ɓullo ba.

To buge shi da ka yi kuskure ne ba ganganci ba, babu ƙisasi, wannan ba saɓani. Amma biyan ɓarnar yana kanka, kuma akwai zunubin sakaci da sai ka tuba. Ko a Risala da yara suke karantawa a zaure an faɗa cewa mai kora dabba da mai jan ta da wanda yake kanta duk suna lamunin abin da ta taka, alhali dabba tana da ranta tana iya ƙin bin linzami, to ina ga keke da ba ya motsi sai ka taka feda. Ita kuwa maganar ƙaddara gaskiya ce, komai da ƙaddarar Allah yake faruwa, amma ba ta taɓa sauke haƙƙin wani daga wuyan wani ba.

Abin da za ka biya kuwa, a mazhabarmu ba a yanke kuɗin rauni sai ya warke an ga yadda ya kasance. In hannun ya warke da nakasa, ya karkace ko ya daina aiki kamar da, alƙali ko malamin da kuka amince da shi zai ƙiyasta gwargwadon abin da ya ragu, kuma in dai bai kai kashi ɗaya cikin uku na diyya ba daga aljihunka zai fito ba na dangi ba. In ya warke sumul babu wani abu ƙayyadadde, sai dai malamai irin su Ibnu Arafa sun zaɓi a ɗora wa wanda ya yi raunin ladan mai magani da kuɗin maganin, kuma da wannan nake ba ka fatawa. Yafiyar kuma haƙƙin dattijon ne, ba na 'ya'yansa ba, in da gaske ya yafe shi ke nan ba su da ta cewa. Amma ni zuciyata ba ta kwanta da yafiyar da tsoho ya yi a bakin titi ba, yana zaune a ƙasa cikin zafin ciwo jama'a sun zagaye shi ana ta Baba a yi haƙuri, bai ma san hannun ya karye ba wataƙila. Ka ɗauki babanka ko yayanka ku je gidansa ku gaishe shi, ka faɗa masa gaskiyar maganar birkin, ka miƙa abin da za ka iya ko da kaɗan kaɗan ne, abin da ya faɗa a ranar da kuka je shi ne yafiyar.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar abokin nan naka mai ɗan karatu, don ta yi yawa a bakin samari har da masu sallah a sahun gaba. Wai dokar titi ta Nasara ce. To ni na yarda babu ayar da ta ce a bi hannun dama, mu kanmu a Najeriya hannun hagu ake bi har zuwa watan Afrilu na 1972 da aka koma dama, kuma har yau a Ingila hagu suke bi ba wanda ya ce sun fi mu ko mun fi su da wannan. Abin da Shari'a ta wajabta shi ne kare rai da kamewa daga cutar da mutane a hanya, shi kuwa wannan ba ya yiwuwa a titi sai kowa ya san ta ina ɗan uwansa zai fito, in kowa ya bi inda ya ga dama ai kullum sai an kwashi gawa. Duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi to shi ma wajibi ne. Ga kuma biyayya ga shugabanni a abin da ba saɓo ba da aya ta 59 ta Suratun Nisa'i ta zo da ita, dan Allah ya gaya mana wane saɓo ne a cikin tsayawa a danja. Manzon Allah (SAW) ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa musulmi ciwo, ka ga tsarin zirga-zirga kenan tun kafin a haifi wanda ya ƙera mota. Kuma ba ra'ayina ni kaɗai ba ne, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen musulmi a zamanta na 8 a Brunai a 1993 ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, kuma hukuncin jinaya, wato na raunata mutum ko kashe shi, yana hawa kan haɗarin hanya. Cewa kuma don mota aka yi dokar, to ya je ya tambayi dattijon ko ƙashinsa ya bambance tayar keke da ta mota. Ni abin da nake gani, mutum ne yake ƙyashin zagaye na minti biyu sai ya nemo wa ƙyashin nasa rigar addini, kuma ina jin tsoron masa zunubin duk yaron da ya ji wannan maganar ya yi aiki da ita.

Saurin sallar ma da kake ganin uzuri ne, Annabi (SAW) ya hana a zo wa sallah da gudu, ya ce a zo da natsuwa abin da aka samu a sallata abin da ya wuce a cika. Ga masallatai nan birjik a kan hanya, da ka jingine keken ka yi magaribarka a inda ta same ka.

Ka ji ni da kyau, haramun ne ka sake hawa keken nan cikin mutane sai ka gyara birki gaba da baya, ko da za ka yi sati kana tafiya a ƙafa. Ka sa ƙararrawa, ka sa fitila da ɗan jan nan mai ƙyalli a baya tunda bayan magariba kake tashi, direba ba ya ganin mai keke da baƙar riga a duhu sai ya zo gab da shi. Ka cire abin jin waƙa ko karatu daga kunne, ka riƙa miƙa hannu kafin ka yi kwana, kada ka kutsa tsakanin babbar mota da bakin titi wajen kwana don direban ba ya hango ka a nan, kuma wannan ɗabi'ar ta kama bayan tifa ko a daidaita sahu tana jan mutum wallahi wasa da rai ne, ranka amana ne a hannunka. Masu mota da babur da za su karanta wannan, ku ma yadda mai keke ya fi ƙarfin mai ƙafa haka kuka fi ƙarfinsa, ku bar masa fili in za ku wuce shi, ku duba baya kafin ku buɗe ƙofa, wanda ya matse mai keke har ya faɗa kwata irin wannan hukuncin ne a kansa.

In ka je wajen dattijon ka ga hannun yana kumbura ko yatsun sun canza launi ko sun daina ji, ka roƙi 'ya'yansa a kai shi asibiti a ɗauki hoto kada a tsaya kan ɗorin gida kawai. Ka sake rubuto min in ya warke mu ga abin da ya rage a kanka.

Wallahu a'alam.