Wai, Ashe da Shuni: Amsar Tambayoyin Masu Karanta Tarihin Rayuwa

Wani malamin makaranta daga Agege a Legas ya aiko yana cewa: "Malam, littafin da mutum ya rubuta abin da ya same shi a rayuwa, tarihi za a kira shi ko labari? Ɗalibaina sun kafe a kan cewa labari ƙarya ne."

Malam, ɗalibanka sun haɗa labari da tatsuniya ne. Kalmomin nan biyu, tarihi da labari, duk aro ne daga Larabci. Asalin tarihi shi ne ƙayyade lokacin da abu ya auku, shi ya sa in an ce tarihi ake sa ran jin shekara, da wuri, da wanda ya gaji wane. Labari kuwa daga kalmar "habar" ya fito, wato abin da aka sanar da kai, kuma harafin "l" na farkonsa ragowar "al" ce ta Larabci da ta manne, kamar yadda ta manne a liman, lahira, littafi da lissafi. Babu ƙarya a gindin kalmar. Mai gaishe ka da "ina labari?" ba tatsuniya yake nema ba, kai ma da ka ce "sai alheri" ba ita ka ba shi ba. In ana nufin wanda aka shirya da ka, sai an ƙara kalma an ce ƙagaggen labari. Tatsuniya kuma tana da hatiminta: a buɗe da "ga ta nan ga ta nanku", a rufe da "ƙurunƙus", kowa ya san gizo da ƙoƙi aka zo ji. Maƙwabtanmu Yarabawa ma sun yi irin wannan rabo, suna da "itan" suna da "alo", ɗalibanka da suka tashi a Ikko za su gane bambancin nan da nan.

To wanda ya bi rayuwarsa daga haihuwa har tsufa, da shekaru a jere, tarihin rayuwarsa ya rubuta, wasu masana kan ce tarihin kai. Wanda ya tsinko yanki guda, kamar shekarun da ya yi yana dakon buhunan albasa a kasuwar Mile 12 kafin ya sami rumfa, labarin rayuwa ya fi dacewa da shi. Sira kuma a bar ta inda Hausawa suka ajiye ta, wajen tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abu ɗaya da za ka ja kunnen ɗalibai a kai: ganin "ni" a littafi ba ya mai da shi tarihin marubuci. A littafin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, Shehun ne ke ba almajiransa labarin kansa da bakinsa, har da yadda aka kama shi bawa, amma ƙagagge ne, Ɓalewa bai taɓa zama bawa ba.

Wata baiwar Allah daga Idi-Araba ta ce ta ji ana cewa wani marubuci ya "shafa wa labari shuni", tana son sanin ma'ana, da kuma yadda mai karatu zai gane an shafa.

Hajiya, shuni daga baba ake samunsa a marina. Mata kan shafa shi a kitso, mabuga kuma su shafa wa rawani ko zane su buga har ya riƙa walƙiya. Lura da kyau, zanen yana nan, ba sabo aka saƙa ba, ƙyalli aka ƙara masa. Haka mai shafa wa labari shuni: abin ya faru, amma kwana biyun da ya yi a tasha sun zama mako guda, mutum goma sun zama ɗari. Ƙanensa shi ne ƙara gishiri. Dukansu sun sha bamban da ƙanzon kurege, wanda babu shi sam, da shaci-faɗi, wanda mai shi ya faɗa ba tare da ya bincika ba. Mai karanta tarihin rayuwa da wuya ya ci karo da ƙanzon kurege, domin akwai waɗanda suka san marubucin za su tona shi. Shuni ne ke cika littafi.

Gane shi kuwa, Hausa ta tanadi kayan aiki, ƙananan kalmomi da ido ke tsallakewa. Dubi waɗannan jimloli uku. "Jirgi ya iso Ido da asuba, muka sauka." "Aka ce jirgin ya kwana a Jebba." "Wai direban ne ya yi barci." A ta farko mai magana ganau ne, yana ciki. A ta biyu jiyau ne, amma bai musa ba. A ta uku ya ɗauke hannunsa daga zancen, "wai" ɗin nan tana cewa kada a kama ni. Marubucin kirki yakan riƙa sauya waɗannan gwargwadon yadda ya san abin. Wanda ya ba ki labarin ranar sunansa, da hirar da iyayensa suka yi a ɗaka kafin a haife shi, duk da murya guda, babu "aka ce" babu "in ji", to shuni na hannunsa.

Sai "ashe". Ita ce, a ganina, kalma mafi daraja a irin wannan rubutu. "Na ba shi kuɗin goro, ashe ba dillali ba ne." Mutum biyu ne a jimlar nan: saurayin da aka cuta a lokacin, da dattijon da ya gane daga baya. Duk inda "ashe" ta fito, marubuci ya yarda akwai ranar da bai sani ba. Littafi mai shafi ɗari uku da babu ita ko sau ɗaya, wanda mai shi ya hango komai tun kafin ya faru, kowa ya yi kuskure ban da shi, wannan shi Bahaushe ke nufi da laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ki kuma kula da inda "na" ta koma "aka". "Na gina masallaci, na biya kuɗin makaranta", amma da aka zo kan rigimar gado sai "aka sayar da gidan". Wa ya sayar? Sau da yawa alkunya ce kawai, domin dattijo kan ce "muka" ko "aka" don gudun yabon kai. Amma in "aka" ba ta zuwa sai wurin abin kunya, ɓuya ce.

Tambaya ta uku gajera ce, daga wani matashi a Alaba Rago: "An ce waiwaye adon tafiya, an kuma ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wanne za mu ɗauka?"

Ɗauki duka biyun, ba kishiyoyi ba ne. Mai waiwaye yana kan tafiya, wuya kawai ya juya, ƙafa ba ta tsaya ba. Mai tuna bara kuwa zaune yake, bana ta yi masa tsami. Karin maganar ta biyu ba hani ba ce, bayanin dalili ne: in ka ji mutum ya dami kowa da "a zamaninmu", bincika halin da yake ciki yanzu. Akwai ta uku da ba ka kawo ba, tuna baya shi ne roƙo. Maroƙi ba ya cewa ba ni, sai ya jero maka kakanninka da alherin da suka yi, hannunka ya shiga aljihu da kansa. Tarihin rayuwar da ya fito ana saura 'yan watanni zaɓe, a karanta shi da wannan a zuci.

Wani ɗalibin jami'a daga Akoka ya tambaya ko za a ce mutum ya rubuta tarihinsa alhali wani ne ya riƙe alƙalami.

Kalmar da kake nema ita ce shifta: ɗaya na faɗa, ɗaya na rubutawa. Tsofaffin labaran rayuwa na Hausawa da suka kai ga ɗab'i ta nan suka biyo. Dorugu, yaron da ya bi Bajamushen matafiyi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, ya faɗa wa ɗan mishan J. F. Schön labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da Hausa, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Baba ta Karo ta ba Mary Smith nata a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ya fito da Turanci a 1954, bayan rasuwarta. Labarin nasu ne, babu ja. Sai dai mai alƙalami shi ke yin tambaya, shi ke zaɓen abin da zai shiga, in an fassara kuma an ƙara wani hannu. Saboda haka ba a cewa "Baba ta rubuta", a ce "Baba ta faɗa, aka rubuta". Mai karatu kuma ya tuna cewa abin da ba a tambaye ta ba, ba lalle ya same shi a ciki ba.

Ta ƙarshe daga wata mai ɗinki a Obalende. Kakanta ya zo Legas cin rani tun yana saurayi bai koma ba, tana son ɗaukar labarinsa a waya ta rubuta, amma duk shekarar da ta tambaye shi sai ya ce "an daɗe".

'Yar'uwa, kuskuren yana cikin tambayar. Tsohon Bahaushe ba da lamba yake riƙe lokaci ba, da abin da ya faru yake riƙewa. Ki tambaye shi: da ka zo, an fara yaƙin basasa? Wannan 1967 zuwa 1970 ke nan. Motoci hannun hagu suke bi ko dama? An yi canjin hannu a 1972. Da sule aka fara biyanka ko da naira? Naira ta shigo a 1973. Auren fari kafin Festak, bikin al'adun baƙar fata da aka yi a Legas, aka yi shi ko bayanta? 1977. Gwamnati ta tashi zuwa Abuja? Ƙarshen 1991. Da turaku biyar ɗin nan za ki ɗaure kusan komai. In ya ambaci kuɗi, rubuta yadda ya faɗa, ki yi bayani a gefe: kwabo goma sha biyu sule guda, sisi rabin sule, taro rabin sisi, sule ashirin fam guda, fam guda kuma naira biyu aka canja shi.

Kada zama ɗaya ya wuce awa guda, tsoho kan gaji ya fara maimaici. Ki bar wayar a kan tabarma kusa da shi, nesa da janareto da bakin titi, in ba haka ba ƙarar motocin haya na danfo za ki kwashe. Kada ki katse shi don gyaran suna ko shekara, ajiye tambayar sai ya kai aya. Labari guda ki nemi ya sake ba ki bayan mako biyu: abin da bai motsa ba shi ne zanen, abin da ya ƙaru shi ne shunin. Akwai sunayen da ba zai kama ba saboda kunya, kamar na ɗan fari ko na surukai, in kakarki ce ma har na miji. Kada ki matsa, nemi waɗannan wurin ƙannensa ko abokan wasansa. In ya yi shiru a wani wuri ya ce "a bar wannan", to a bar shi, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Wajen kwafewa kuma, yawancin masu wannan aiki a nan suke ɓata shi, sai su mai da bakin tsoho Hausar jarida. In Basakkwace ne ya ce "shina tahiya", rubuta "shina tahiya". In ya ce Ikko kada ki mai da shi Legas, in ya ce Kurmi kada ki mai da shi Kudu. Kalmomin Yarabanci da suka shige masa baki cikin shekara hamsin, su ma ki bar su inda ya sa su. Kowace "wai" da kowace "ashe" ki kwafe ta, ko da ta zo sau uku a layi ɗaya.